Wa Ya Ɗauko? Sharhi kan Halin Jariri da Gadon Dangi

Tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin 'yan barka a ƙasar Hausa, bayan an tambayi lafiyar mai jego da abin da aka samu, ita ce wa jaririn ya ɗauko, kuma ba a kan kamannin fuska kaɗai take tsayawa ba, domin kafin ranar suna ta zagayo an riga an raba wa dangi gaɓoɓinsa da halayensa duka. Gwaggo za ta buɗe zanen goyo ta duba yatsun ƙafa da kunnuwa ta ce na gidansu ne, kaka ta wajen uwa za ta dubi goshi ta ambaci wani kawu da ya daɗe da rasuwa, idan kuma jaririn ya tsanyara kuka ya ƙi kama nono sai an lallashe shi, nan take a yanke hukunci cewa zuciyar kakansa ce ta dawo. Wannan al'ada tana ɗauke da da'awa biyu waɗanda suka cancanci a auna su daban-daban: ta farko cewa jariri yana zuwa duniya da nasa hali tun kafin tarbiyya ta taɓa shi, ta biyu cewa halin nan ana iya bin sawunsa har a kai ga wani mutum guda a cikin zuri'a. Binciken da aka yi cikin shekaru saba'in da suka wuce ya gaskata da'awa ta farko fiye da yadda masana da yawa suka so a lokacin, amma ta biyun bai bar mata wurin tsayawa sosai ba, kuma a tsakanin biyun ne mafi yawan ruɗanin yake.

Abin da masana halayyar ɗan Adam suke nufi da halin haihuwa ya fi ƙunci a kan abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce wane yana da hali. Halin da ake yabon mutum ko a zarge shi da shi ya ƙunshi gaskiya da amana da karamci da kunya da ladabi da mutunci, wato irin siffofin da Anthony Kirk-Greene ya tattara a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za a iya nema a jikin ɗan kwana bakwai. Halin haihuwa kuwa yana nufin salon da jiki da ƙwaƙwalwar jariri suke amsa abin da ya same su: saurin firgita da ƙara ko rashinsa, ƙarfin kuka idan ransa ya ɓaci, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce, yawan motsi, daidaiton lokutan barci da yunwa, da kuma yadda yake karɓar baƙuwar fuska ko baƙon abinci. Tsoffin likitoci irin su Galen da Ibn Sina sun yi bayanin irin wannan bambanci da abin da suka kira mizaji, wato yadda zafi da sanyi da danshi da bushewa suka haɗu a jikin kowane mutum, kuma ko da yake an daɗe da barin wannan bayani, abin da suka lura da shi bai gushe ba.

Nazari na zamani a kan batun ya fara ne a 1956 a birnin Niyok na Amurka, inda wasu likitocin ƙwaƙwalwa biyu, mata da miji, Alexander Thomas da Stella Chess, suka shiga bin rayuwar yara sama da 130 tun suna 'yan watanni har suka zama manya. A wancan zamani ra'ayin da ya mamaye fagen shi ne cewa duk wata matsala da aka gani a wurin yaro laifin uwa ce, su kuwa abin da suke gani a asibiti ya saɓa da haka, domin sukan ga iyaye masu kula sun haifi yaro mai wuyar sha'ani, su kuma ga gida mai hargitsi ya fitar da yaro natsattse. Daga hirarrakin da suka yi da iyaye suka fitar da ma'aunai tara, sannan suka ga yawancin yaran sun faɗa cikin rukuni uku. Kimanin kashi 40 cikin 100 masu sauƙin riƙo ne, barcinsu da cinsu a kan lokaci, suna karɓar sabon abu da fara'a. Kimanin kashi 10 masu wuyar riƙo ne, kukansu da ƙarfi, lokutansu ba tsari, sabon abu yana tayar musu da hankali. Kimanin kashi 15 kuma masu jinkirin sabo ne, waɗanda ba sa bore amma suna janye jiki sai an bi su a hankali. Abin da ake yawan mantawa idan ana kawo waɗannan alƙaluma shi ne ragowar kashi 35 ba su shiga kowane rukuni ba, wanda ke nuna cewa fiye da yaro ɗaya cikin uku ba a iya ba shi suna guda ko da a wurin waɗanda suka ƙirƙiro rukunonin.

Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya bi wata hanya wadda ba ta dogara da bakin iyaye ba. Daga ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa kawo jarirai 'yan wata huɗu, kusan 500, a zaunar da kowanne a kujerar jarirai gaban na'urar ɗaukar hoto, a kaɗa masa kayan wasa masu launi a gaban ido, a kunna masa muryar da bai sani ba, a kusanto masa da auduga mai ɗan wari a hanci. Kimanin ɗaya cikin biyar sukan banƙare baya, su yi ta harba ƙafafu da wutsil-wutsil da hannuwa, su fashe da kuka, alhali kimanin biyu cikin biyar sukan zuba ido kawai, jiki a sake, wani ma har ya yi gwaranci. Da aka sake gwada yaran suna da wata 14 da wata 21, waɗanda suka banƙare ɗin nan su ne suka fi maƙalewa a jikin uwa da ƙin kusantar baƙo, wato abin da ake kira ƙiwa. Kagan ya danganta bambancin da wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa mai suna amigidala, wanda aikinsa shi ne faɗakar da jiki idan ya haɗu da abin da bai saba da shi ba, kuma ya yi hasashen cewa a wurin wasu jarirai wannan sashe yana tashi da abu kaɗan. Sai dai sakamakon da ya fi muhimmanci a aikinsa shi ne iyakar da ya gano: mafi yawan jariran masu saurin firgita ba su girma sun zama matsorata ba, sun koma tsaka-tsaki, abin da dai ya yi wuya shi ne a ga ɗayansu ya zama ɗan gaba-gaɗi marar shakkar kowa. Halin haihuwa ya fi nuna abin da yaro ba zai cika zama ba a kan abin da zai zama.

Wannan iyaka ta sake bayyana a garin Dunedin na ƙasar Niyuzilan, inda ake bin rayuwar mutane 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. An samu alaƙa ta gaske tsakanin yadda yaro ya nuna hali yana ɗan shekara uku da yadda yake a shekara 18 da 26, amma alaƙar ba mai ƙarfi ba ce da za a iya nuna yaro guda a faɗi makomarsa. Idan kuwa haka lamarin yake a shekara uku, to a makon farko ya fi rauni nesa, domin ɗan kwana uku yana ɗauke da gajiyar naƙuda, da tasirin magungunan da aka ba uwarsa, da yunwar kwanakin da nono bai gama kawowa ba. Kukan jarirai ma yana da nasa tafarki wanda bai shafi gadon kowa ba: yana ƙaruwa daga mako na biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako na shida, musamman da yamma, sannan ya ragu a wata na uku ko na huɗu. Saboda haka jaririn da aka laƙaba wa rigima lokacin da uwarsa take gab da gama wankan jego, an auna shi ne a daidai makonnin da kusan kowane jariri yake kan ganiyar kuka. Karin maganar da ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta yana da gaskiya a nan, amma kwana arba'in na farko ba su kai Laraba ba.

Hujjar cewa ana gadon halin haihuwa ta fi fitowa daga nazarin tagwaye, dabarar da Francis Galton ya fara ba da shawararta a Ingila a 1875. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya kusan dukan ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, waɗanda suka fito daga ƙwai biyu kuwa rabi suke tarayya a kai bisa matsakaici, kamar kowane wa da ƙani, kuma tunda kowane iri ciki ɗaya suka kwanta gida ɗaya suka tashi, idan na farkon suka fi kama da juna a wani hali to bambancin daga gado yake. Nazarce-nazarcen da aka yi ta wannan hanya, tare da na yaran da aka ba wasu iyaye riƙo tun suna jarirai da na tagwayen da aka raba aka rene su a gidaje daban-daban, irin wanda Thomas Bouchard ya fara a Minnesota a 1979, sun nuna cewa tsakanin kashi 20 zuwa 60 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara a halin haihuwa yana komawa ga gado. Wani babban nazari na 2015 da ya haɗa sakamakon shekaru hamsin a kan tagwaye fiye da miliyan 14 ya samu matsakaicin kashi 49 a kan dukan siffofin ɗan Adam da aka auna. Ya kamata a fahimci wannan adadi yadda yake, domin ba yana nufin rabin zuciyar wani yaro daga iyaye take rabi daga tarbiyya ba. Yana magana ne a kan dalilin da ya sa yara suka bambanta da juna a cikin wata al'umma da wani zamani, kuma mafi yawan tagwayen da aka auna daga Turai da Amurka da Ostireliya suke, inda yunwa da zazzaɓin cizon sauro ba sa cikin abubuwan da ke bambanta yaro da yaro.

Lissafin zumunta shi ne wurin da da'awa ta biyu take fara samun matsala. Kowane jariri yana karɓar kuromosom 46, wato ƙunshe-ƙunshen da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 23 daga uwa 23 daga uba, kuma kafin kowane mahaifi ya miƙa nasa rabin sai an cakuɗa abin da shi ma ya karɓa daga nasa iyayen. Saboda haka rabon kowane kaka a jikin jika yana kusa da kashi 25, yana ɗan hawa ko sauka, kawu da baffa da gwaggo da inna waɗanda suke shaƙiƙan iyaye su ma tarayyarsu da yaron kashi 25 ce, ɗan baffa ko taubashi kuwa kashi 12.5. Akwai siffofin da ƙwayar gado guda take yanke hukunci a kansu, kuma Hausawa sun san misalin da ya fi kowane zafi, wato sikila ko amosanin jini: idan uwa da uba duka AS ne, lafiyarsu ƙalau, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, ɗaya daga cikin dalilan da suka sa jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Irin wannan siffa tana iya ɓuya tsawon zuriya biyu ko uku sannan ta bayyana, kamar yadda Gregor Mendel ya nuna da irin wake a 1866. Tun kafin Mendel da ƙarnuka, hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kawo labarin mutumin da ya zo wa Annabi (SAW) yana shakkar ɗansa saboda launin fatarsa ya saɓa da nasa, aka tambaye shi ko a cikin jajayen raƙumansa akan samu mai ruwan toka, ya amsa da cewa akan samu kuma wataƙila wata jijiya ce ta can baya ta fizgo shi, aka ce masa ɗan nasa ma haka.

Halin haihuwa ba ya bin tsarin sikila. A 1996 an yi shelar gano ƙwayar gado ta son sabon abu, daga baya aka yi irin wannan shela game da damuwa da fargaba, amma da aka sake gwaji a kan dubban ɗaruruwan mutane mafi yawan waɗannan da'awoyi ba su tsaya ba. Abin da ya tabbata shi ne dubban ƙwayoyin gado ne suke haɗuwa, kowace da ɗan tasiri ƙanƙane, su karkata yaro zuwa saurin fushi ko natsuwa, kuma tunda ana sake cakuɗa su a kowane ciki, ba a miƙa hali dungurungum daga kaka zuwa jika yadda ake miƙa gona ko alkyabba. Yana yiwuwa jika ya fito da zafin rai irin na kakansa, amma ba lalle ta hanya ɗaya suka same shi ba, domin wani kaso na jikan ya biyo ta wajen da babu wanda yake zargi. A gidajen da aka daɗe ana auren zumunci kuwa tambayar ko halin na dangin uwa ne ko na dangin uba ta kan rasa ma'ana gaba ɗaya, tunda idan uwa 'yar baffan uba ce to kakan iyayen biyu mutum ɗaya ne, kuma gwaggon da take ɗora laifin kafiya a kan dangin mai jego tana magana ne a kan jininta ba tare da ta lura ba.

Idan bin sawun hali zuwa mutum guda ba shi da tushe mai ƙarfi, sai a tambayi abin da ya sa al'adar ta yi ƙarko, kuma amsar ta fi kusa da zamantakewa. A 1982 Martin Daly da Margo Wilson suka nazarci abin da ake faɗa a ɗakunan haihuwa a Arewacin Amurka, suka ga iyaye mata da danginsu sun fi yawan cewa jariri ya yi kama da ubansa, an kuma sami irin wannan sakamako a Meziko daga baya, alhali idan aka ba baƙi hotuna su haɗa jariri da iyayensa ba sa samun uban fiye da uwar. Wani nazari da aka yi a ƙauyukan Senegal a 2009 ya nuna cewa yaran da suka fi kama da ubanninsu sun fi samun kulawarsu. Ke nan faɗin kama wata hanya ce ta ɗaure jariri a jikin dangi da tabbatar masa da matsayi, abin da Larabawa suka mayar sana'a mai suna ƙiyafa, kuma sananne ne yadda Annabi (SAW) ya yi farin ciki lokacin da Mujazziz al-Mudliji ya dubi ƙafafun Zaidu bn Harisa da ɗansa Usama, fuskokinsu a rufe, ya ce daga juna suke. A gidan Bahaushe rabon yana da siyasarsa: kyau da fara'a da haƙuri kowane ɓangare yana jawo su wajensa, rigima da rowa da miskilanci kuwa akan tura su ɗaya ɓangaren, sau da yawa cikin raha, wani lokaci da gugar zana a ciki. Al'adar takwara tana ƙara wa lamarin nauyi, domin yaron da aka sa wa sunan kakansa, ake sakaya shi da Abba ko Baffa ko Babangida saboda alkunya, kowa yana zuba ido ya ga halin mai sunan a jikinsa, kuma wanda ya tashi neman abu a jikin yaro ba ya rasa alamarsa.

A nan ne hukuncin makon suna yake komawa wani ɓangare na tarbiyya. Masana sun bambanta hanyoyi uku da gado da muhalli suke sarƙewa har a kasa raba su. Iyayen da suka ba yaro ƙwayoyin gado su ne kuma suka gina gidan da yake tashi a ciki, don haka uba mai faɗa ya ba ɗansa jini ya kuma ba shi abin kwaikwayo. Yaron da kansa yana jawo irin mu'amalar da ake yi masa, mai murmushi kowa na son ɗaukarsa, mai ƙiwa kuwa ana mayar wa uwarsa da shi da sauri. Idan ya girma kuma shi yake zaɓen abokai da wuraren da suka dace da shi. A kan waɗannan sai a ɗora laƙabin da dangi suka ba shi. Yarinyar da aka ce ta ɗauko masifar kakarta, idan ta yi kuka sai a yi dariya a ce ga ta nan, idan ta kai lokacin yaye sau da yawa wurin kakar ake kai ta, ta shafe watanni ko shekaru tana jin yadda take magana da yadda take amsa wa mutane, bayan shekara goma kuma a kafa hujja da kamar da ke tsakaninsu a ce jini ba ya ƙarya. Haka nan idan aka ce mutum ya sha abu a nono, maganar tana da gaskiya ta fuskar cewa mai shayarwa ita ce wadda jariri ya fi daɗewa a jikinta yana koyon yadda ake huce fushi da yadda ake firgita, amma nono ba ya sauya ƙwayoyin gadon yaro, ko da yake shari'a ta sa shi ya ƙulla 'yan'uwantaka da haramcin aure.

Wani sakamako da ya ba masana mamaki shi ne ƙarancin kamar da tashi gida ɗaya yake haifarwa. Robert Plomin da Denise Daniels sun nuna a 1987 cewa yaran da ba su haɗa jini ba amma aka rene su tare ba sa kama da juna a hali sai kaɗan, kuma tasirin muhalli ya fi zuwa ta abubuwan da kowane yaro ya keɓanta da su. A gidan Bahaushe ba a rasa irin waɗannan: ɗan fari da uwarsa take kunyar kiran sunansa ko wasa da shi a gaban mutane, ɗan auta da aka haifa bayan ƙarfin uba ya ragu, wanda aka ba gwaggo riƙo, wanda aka haifa a shekarar da hatsi ya yi tsada, da wanda uwarsa ce mowa ko bora. Idan aka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, ana mamakin abin da lissafin gado da kansa ya nuna dole ya riƙa faruwa.

Thomas da Chess ba su tsaya a kan rarraba yara ba, sun ƙare da ra'ayin da suka kira dacewa, wato cewa makomar yaro ta fi rataya a kan yadda halinsa ya dace da abin da gidansu yake buƙata daga gare shi. Da suka kwatanta iyalai masu wadata na Niyok da iyalan ma'aikata 'yan asalin Puerto Rico a birni ɗaya, sai suka ga rashin tsayayyen lokacin barci babbar matsala ce a wurin na farko, a wurin na biyu kuwa ba a ɗauke shi komai ba sai da yaran suka shiga makaranta, abin da ya dame su shi ne yaro mai ƙiriniya a cikin matsattsen ɗaki. Charles Super da Sara Harkness sun ga irin haka a wurin Kipsigis na Kenya, inda farkawar dare ba ta sa a kira jariri mai wahala ba tunda a jikin uwarsa yake kwana, abin da ake ƙi shi ne jaririn da ba ya yarda da 'yar reno. Wannan ya fi kusa da tsarin gidan Bahaushe. Wani ɗan ƙaramin nazari da Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu suka wallafa a 1977 a kan jariran Hausawa 18 ya nuna kowane jariri yana da masu kula da shi kusan huɗu, yana shaƙuwa da fiye da ɗaya, kuma wadda ya fi shaƙuwa da ita ita ce wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita take shayar da shi ba. Goyo kansa yana da tasiri, domin gwajin da aka yi a Kanada a 1986 ya samu raguwar kuka da kashi 43 a mako na shida a wurin jariran da aka ƙara musu sa'o'in ɗauka, ko da yake gwaje-gwajen baya ba duka suka kai wannan adadi ba. Abin lura shi ne ma'aikaciyar da take zaune daga ita sai mijinta a Abuja ko Yamai, wadda hutun haihuwarta zai ƙare ta koma ofis, ta fi kusa da matan Niyok a kan kakarta, kuma jaririn da a gidan gandu ba wanda zai ce yana da matsala, a wurinta zai iya zama mai wuyar riƙo ba tare da wani abu ya sauya a jininsa ba.

Darajar da ake ba hali ma tana bin al'umma. Xinyin Chen ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa yara masu janye jiki a birnin Shanghai na ƙasar Sin malamai da 'yan'uwansu ɗalibai suna ganin girmansu, takwarorinsu na Kanada kuwa ana ƙaurace musu. Inda kunya take cikin siffofin mutumin kirki, jaririyar da ta banƙare a gwajin Kagan tana iya tashi a yaba mata da kamun kai.

Tsakanin masu cewa hali zanen dutse ne da masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, malaman Musulunci sun daɗe da ɗaukar matsayi na tsakiya. A ruwayar Abu Dawuda, lokacin da aka gaya wa Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙaisi cewa yana da siffofi biyu da Allah yake so, juriya da natsuwa, ya tambaya ko shi ya koye su ko da su aka halicce shi, aka ce masa da su aka halicce shi. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi a Ihya'u Ulumiddin ga masu cewa hali ba ya sauyawa, da hujjar cewa da haka ne da wa'azi da horo sun zama aikin banza, amma ya yarda mutane sun bambanta wajen saurin karɓar gyara, kuma manufa ita ce a daidaita fushi da sha'awa, ba a tumɓuke su ba. Gwajin da Dymphna van den Boom ta yi a Holan, wanda aka wallafa a 1994, ya zo daidai da wannan: ta zaɓi jarirai 100 masu saurin fusata daga iyalai marasa ƙarfi, aka koya wa rabin iyayen mata yadda za su gane alamun jaririn su amsa a kan kari, kuma da yaran suka kai shekara ɗaya na wannan rukuni sun fi natsuwa da amincewa da iyayensu nesa ba kusa ba. Jay Belsky da wasu sun ƙara da cewa jariri mai wuyar riƙo ya fi sauran jin tasirin reno ta kowace fuska, mugun riƙo ya fi cutar da shi, kyakkyawan riƙo kuma ya fi amfanar da shi.

Haɗarin da ya fi girma a cikin saurin danganta komai ga gado shi ne a kira ciwo da sunan hali. Kukan da ba ya tsayawa yana iya zama na yunwa saboda jariri bai kama nono daidai ba, ko ciwon kunne, ko zazzaɓi, kuma idan aka ce rigimar gado ce sai a koma ga jiƙe-jiƙe da maganin sa barci, ko a kira wanzami ya cire beli, ko wani ya gaji ya jijjiga jaririn da ƙarfi, abin da yake iya zubar da jini a ƙwaƙwalwarsa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da gubar dalma, irin wadda ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, su ma suna sauya halayyar yaro. Ɗaya gefen ya fi ɓoyuwa, domin yabo ne yake rufe shi: jaririn da ba ya kuka, yake ta barci har a tashe shi ya sha nono ya ƙi, akan ce mai haƙuri ne kamar kakarsa, alhali wannan na cikin alamomin shawara mai tsanani ko ƙwayar cuta a jini, waɗanda likitoci suke so a kai asibiti a ranar. Marten de Vries ya auna halin jariran Masai a Kenya a lokacin farin 1974, ya ware goma mafi sauƙin riƙo da goma mafi wuya, da ya dawo bayan 'yan watanni fari ya tarwatsa iyalai labarin 13 kawai ya samu. Daga masu sauƙin riƙo bakwai, biyar sun rasu. Daga masu rigima shida, ɗaya ne ya rasu. Adadin ya yi ƙanƙanta da za a gina doka a kansa, amma bayanin da ya bayar mai sauƙin fahimta ne: a lokacin da nono ya yi ƙaranci kuma uwa ta galabaita, jaririn da ya fi damun mutane da kuka shi aka fi sa wa a baki.